Ƙanina ya gama jami'a a Amurka, ya sa hannu a kwantiragin gudu, yanzu yana ɓoye ciwon ƙafa

Nasiru Kaduna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san harkar gudun dogon zango a Amurka. Autanmu ya tafi can shekara biyar da suka wuce da tallafin karatu na 'yan wasa, yana yi wa jami'arsu gudun mita 5,000 da 10,000. Ya kammala karatu a watan Mayu, ya yi gasarsa ta ƙarshe a Yuni. Wani kamfanin takalmi, ba zan kama suna ba, ya ba shi kwantiragin shekara biyu, ya tattara ya koma wani gari mai tudu ya shiga ayarin ƙwararru. A gida an yi murna kamar ranar suna. Inna har waina ta raba a unguwa, kowa na cewa yaro ya zama babba, dala za ta fara sauka.

Shekaranjiya da dare muna waya ta bidiyo, sai ya jingina wayar a teburin kicin ya tashi ɗebo ruwa, ya manta ina kallo. Na ga yana taka ƙafar dama a karkace, yana dafa bango. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce "ba komai Yaya, gajiya ce." Sai da na ɗaure fuska sannan ya ce sati uku ke nan saman ƙafar na yi masa ciwo, wuri ɗaya tak kusa da idon sawu, in ya danna da yatsa kamar an soka masa allura. Kocinsa bai sani ba. Akwai gasa nan da sati biyar, kuma ya ce a takardar kwantiragin an rubuta adadin gasar da dole ya shiga a shekara, in bai cika ba a yanke masa kuɗi. Dabararsa wai ya lallaɓa har ya yi gasar, sannan ya huta. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me kuka gani?

Bala Mai Shayi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Amma Yaya Nasiru, ciwon ƙafa a wurin mai gudu ai kamar ƙunar hannu ce a wurin mai shayi, ba a rufe teburi saboda ita. A turo shi gida a gasa masa da ruwan zafi, kwana uku ya miƙe.

Dakta Rabi: Malam Bala, wannan karon ruwan zafinka ba zai yi ba. Malam Nasiru, aikina ke nan, gashin ƙashi da farfaɗo da 'yan wasa, amma ba na duba mara lafiya ta saƙo, don haka ɗauki maganata a matsayin dalilin da zai sa ya je a duba shi yau ba gobe ba.

Yadda ka siffanta wurin ne ya tayar min da hankali. A saman ƙafa, gaban idon sawu kaɗan ta ɓangaren ciki, akwai wani ɗan ƙashi da ake kira nabikula. Tsakiyarsa ba ta samun jini sosai, saboda haka in ya tsage yana da wuyar haɗewa. Ciwon da mutum zai iya nuna wa da ɗan yatsa ɗaya a daidai wurin, ga shi mai gudun nesa, ga shi ya sauya wurin atisaye kwanan nan, to sai an tabbatar ba tsagewar ƙashi ba ce kafin ya sake taka ƙasa da gudu.

Irin wannan tsagewa ba faɗuwa ke kawo ta ba. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsohon yana gina sabo. In aka ƙara masa nauyin aiki, rushewar ce ke fara yin gaba, ginin ya biyo baya bayan makonni. A wannan tsakanin ƙashin ya fi rauni fiye da kafin a ƙara aikin. In aka ci gaba da dukansa sau dubbai a rana, sai ya fara kumburi daga ciki, daga nan ya yi ɗan layi kamar tsagar bango, daga nan ya rabe. Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komai a farko, sai hoton MRI, wanda ke nuna har kumburin cikin ƙashi. Tambayata: kilomita nawa yake yi a sati da yana jami'a, nawa yake yi yanzu?

Nasiru Kaduna: Na gode Dakta. Na tambaye shi yanzu. Ya ce a jami'a wajen 120 a sati, yanzu 165, wani satin ya haura. Kuma cikin wata biyu aka kai shi nan.

Dakta Rabi: To ka ji. Ga ƙarin kilomita 45, ga tudu inda numfashi da barci da cin abinci duk ke sauyawa, ga abokan atisaye da suka fi shi ƙarfi waɗanda gudun hutunsu shi ne gudun wahalarsa. Duk a wata biyu.

Malam Garba: Dakta ta ambaci nabikula, nan take Evan Jager ya faɗo min a rai. Ya bar jami'ar Wisconsin bayan shekara ɗaya kacal ya bi kocinsa Jerry Schumacher zuwa Portland, ya samu gurbin zuwa gasar duniya ta 2009 a mita 5,000 yana ɗan shekara ashirin. A 2010 wannan ɗan ƙashin ya karye masa, sai da aka yi masa tiyata. Ya daɗe kafin ya dawo daidai, kuma da ya dawo sai ya sauya zuwa gudun tsallake shinge da ruwa na mita 3,000, inda ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Labarinsa ya yi kyakkyawan ƙarshe, amma a tuna shi yana cikin ayari mai kuɗi da likitoci, an jira shi.

Wanda ba na mantawa shi ne Chris Solinsky. Kambun jami'o'i biyar ya ci a Wisconsin. A 2010, a filin Stanford, ya yi mita 10,000 cikin 26:59.60, ya zama mutum na farko da ba haifaffen Afirka ba da ya sauko ƙasa da minti 27. Kowa ya ce ga wanda zai ja da 'yan Kenya da Habasha a Olamfik na Landan 2012. Shekara ta zagayo yana fama da ciwon bayan cinya yana dannewa, yana ƙara atisaye. Rannan ya yi tuntuɓe da karensa a matattakalar gida, naman bayan cinyar ya ɓalle daga ƙashin ƙugu. Mutane suka yi ta ba da labarin kare, alhali kare ya tarar da igiya ta riga ta ci rabi ne. Aka yi tiyata, bai je Landan ba, bai sake komawa yadda yake ba har ya ajiye gudu a 2016.

Koci Danjuma Jos: Ku yi haƙuri, ni zan saɓa muku. Shekara sama da ashirin ina tare da yara masu gudu a nan Filato. Yaranmu na Pankshin da Mangu suna hawa duwatsu da asuba da takalmin gwanjo, su dawo su tafi gona, ba MRI ba likita. 'Yan Iten a Kenya su yi kilomita 180 ko 200 a sati a tudun da ya kai mita 2,400. Yaran jami'o'in Amurka an shagwaɓa su ne, ɗan ciwo kaɗan a ruga ɗakin likita. Gudu ba ya yiwuwa sai da jure ciwo. In yaron nan ya ce ba zai yi gasarsa ta farko ba, kamfani zai ce sun sayi gurgun doki. Ya daure ya yi, ya huta daga baya, kamar yadda ya ce.

Maman Hanif: Koci, da girmanka, amma bari in tambaye ka. Cikin yaran da suka fara hawa dutse tare da kai shekara goma da suka wuce, nawa ne har yanzu suke gudu? Sauran ina suka tafi?

Koci Danjuma Jos: Wasu aure, wasu aikin soja ko ɗan sanda, wasu rashin kuɗi.

Maman Hanif: Wasu kuma ƙafa. Ba a rubuta su a jarida ne kawai. Haka a Iten, wanda ya karye ya koma ƙauye, wani ya maye gurbinsa washegari, mu kuma sai waɗanda suka tsira muke gani a talabijin.

Malam Nasiru, ni a Amurka nake zaune shekara goma sha shida, 'yata ta yi wa jami'arta gudu shekara huɗu duk da ba ta kai matakin ƙaninka ba. Abin da mutanen gida ba su gane ba shi ne irin gatan da yaro ke bari ranar da ya karɓi takardar digiri. A jami'a akwai ɗakin jinya a gefen fili, da ma'aikaci wanda aikinsa ke nan ya duba ƙafarka kullum. Ka ɗingisa sau ɗaya ya gani, ya hana ka atisaye ko kana so ko ba ka so. Akwai likitan ƙungiya, akwai ɗakin cin abinci, akwai mai tsara abin da za ka ci. 'Yata ta taɓa cewa ƙwaurinta na ciwo ranar Litinin, ranar Laraba an riga an yi hoto, ko sisi ban biya ba.

Ranar da ka zama ƙwararre duk wannan ya yanke. Kamfanin takalmi ba ya ɗaukarka a matsayin ma'aikaci, ɗan kwangila ne kai. Harajinka a wuyanka, inshorar lafiyarka galibi a wuyanka, dillalin da ya samo maka kwantiragin ya cire kashi 15 cikin ɗari. Hoton MRI ba tare da inshora ba ɗaruruwan daloli ne, wani wurin ya haura dubu. Ga haya, ga cefane, ga girki da kanka bayan ka yi kilomita 30. Ina mai tabbatar maka ba tsoron koci kawai ke damun yaron nan ba, yana lissafin kuɗin hoton ma. Ka tambaye shi ko yana da inshora.

Nasiru Kaduna: Hajiya, kamar kina wurin. Na tambaya, ya ce ta jami'a ta ƙare a watan Agusta, yana ta cewa zai yi sabuwa bai yi ba. Innalillahi. Kuma wata biyu a jere yana turo wa Inna kuɗi.

Maman Hanif: To fara daga nan. Ku ce ya dakatar da turo kuɗin.

Usman Lauya: Kan batun kwantiragi. Ban ga takardarsa ba, amma sharaɗin yanke kuɗi sananne ne a wannan harka. Albashin tushe ƙarami ne, sai a ɗora ladan bajinta a sama, a kuma sa sharaɗi a ƙasa: in ba ka shiga gasa kaza ba, ko ka faɗo daga matsayi kaza, ko ka yi wata kaza ba ka fafata ba, a rage. Yawancin 'yan wasa ba sa iya magana a kai saboda sharaɗin sirri. Abin ya fito fili ne a 2019, lokacin da Alysia Montaño da Kara Goucher, daga baya Allyson Felix, suka bayyana a jaridar New York Times yadda ɗaukar ciki ke jawo musu yankan kuɗi a wurin Nike. Surutu ya yi yawa har kamfanin ya sauya tsari, ya ce ba za a rage wa mai ciki kuɗi ba na tsawon wata 18. Ciki ke nan. Rauni kuwa har gobe ya danganta da abin da dillalinka ya iya cirowa a teburin ciniki.

Shawarata biyu. Ya karanta sashen da ya yi maganar rauni, domin wasu kwantiragin na ɗaga ƙafa in likita ya tabbatar a rubuce, amma da sharaɗin a sanar da kamfani cikin ƙayyadadden lokaci. In haka ne, ɓoyewar da yake yi ita ce za ta cinye shi. Na biyu, ya kira dillalinsa kafin kowa. Kashi 15 ɗin da yake ci na irin wannan ranar ne.

Bala Mai Shayi: Wato dillali ya ci kashi 15 na kuɗi, amma kashi 100 na ciwo na yaro ne. Allah ya kyauta.

Koci Danjuma Jos: Hajiya Maman Hanif, tambayarki ta hana ni cin tuwo. Zan faɗi gaskiya. Akwai wani yaro da na taɓa riƙewa, ban taɓa ganin mai sauƙin taku irinsa ba, in yana gangarowa daga dutse kamar ba ya taɓa ƙasa. Ana saura wata ɗaya gasar kilomita 10 ta Okpekpe a jihar Edo ya ce min ƙwaurinsa na ciwo ta gaba. Na danna, ya yi tsalle. Na ce masa namiji ba ya raki, na saya masa man zafi da ƙwayar kashe ciwo. Ya yi gasar ya gama, a mota muka ɗauko shi zuwa masauki. Da muka dawo gida aka kai shi wurin mai ɗori, ya murza ya ɗaure da kara, wata uku ba sauƙi. Da aka yi hoto daga baya ga layi baƙi a gaban ƙashin. Yanzu acaɓa yake yi, in mun haɗu ya tsaya ya gaishe ni da ladabi, ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Amma har yanzu ina nan kan cewa ba kowane ciwo ake tsayawa dominsa ba. In haka ne ba wanda zai gama sati ɗaya na atisaye.

Dakta Rabi: Koci, Allah ya saka da wannan gaskiyar, ba kowa zai faɗa ba. Kuma maganarka ta ƙarshe daidai ce. Ciwon nama yakan bazu, ka shafa da tafin hannu ka ce nan ne, yana lafawa in jiki ya ɗumama. Ciwon ƙashi wuri ɗaya ne, yana ƙaruwa yayin da gudu ke tsawo, daga baya ya bi ka har tafiyar ƙasa, har kwanciya. Ka sa yaro ya yi ɗan tsalle da ƙafa ɗaya, in ya kasa ko ya yamutsa fuska, a tsaya. Wuraren da ba a wasa da su: nabikula, gaban ƙashin ƙwauri irin na yaronka, wuyan ƙashin cinya can cikin matsematsi, da gindin ƙashin ƙaramin yatsa. Mai ɗori ya san karaya da gocewa da targaɗe, ban raina shi ba, amma tsagar da ido ba ya gani murza ba ta ƙara mata komai sai ɓarna.

Akwai kuma abin da ba mu taɓo ba, abinci. Malam Nasiru, da ka gan shi a bidiyo, ya rame?

Nasiru Kaduna: Ya rame ƙwarai, kumatunsa sun faɗa. Na yi masa magana ya ce haka ƙwararru suke, rashin nauyi ne ke sa sauri.

Hauwa'u Zariya: Wannan maganar ce ta kusa kashe Mary Cain. Ita ko jami'a ba ta yi wa gudu ba, daga sakandare ta shiga ayarin Nike Oregon Project na Alberto Salazar a 2013, ana ce mata yarinyar da ta fi kowa sauri a Amurka. A Nuwamban 2019 ta fito ta ce an yi ta matsa mata ta rage nauyi har al'adarta ta ɗauke shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye. Wata ɗaya kafin nan an riga an rufe ayarin, bayan an dakatar da Salazar shekara huɗu kan laifukan da suka shafi ƙwayoyin ƙara kuzari.

Molly Seidel ma. Kambun jami'o'i huɗu a Notre Dame, 2016 kamfanoni na layi a ƙofarta. Sai ga tsagewar ƙashi a tsatso, ga matsalar cin abinci da ta daɗe tana ɓoyewa. Maimakon gasar neman gurbin Rio, asibitin masu wannan lalura ta tafi. Kowa ya ɗauka an gama da ita. A Fabrairun 2020, a gasar neman gurbin Olamfik a Atlanta, ta yi gudun yada-ƙanin-wani na farko a rayuwarta ta zo ta biyu, ta kuma ci tagullar Olamfik a garin Sapporo na Japan a 2021 bayan Peres Jepchirchir da Brigid Kosgei. Duk da haka abin bai sake ta ba, 2024 ƙoƙon gwiwa ya hana ta gasar neman gurbin Paris. Ƙashin da aka yi wa yunwa a shekara ashirin yana da dogon riƙo.

Bala Mai Shayi: Anti Hauwa'u, ai duk mata kika lissafo. Namu namiji ne.

Dakta Rabi: Shi ya sa aka sauya wa abin suna, Malam Bala. Da ana ɗaukarsa lalurar mata, saboda ɗaukewar al'ada alama ce da ake gani. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya ya kira shi RED-S, wato ƙarancin kuzari a jikin ɗan wasa idan abin da yake ci bai kai abin da yake ƙonawa ba, kuma ya ce maza ma na ciki. A namiji sinadarin mazakuta ne ke sauka, ƙashi ya daina ginuwa yadda ya kamata, barci ya lalace, mura ta yi ta kama shi. Ba sai mutum ya ƙi abinci da gangan ba. Yaron da ya saba shiga ɗakin cin abinci na jami'a ya cika faranti sau uku, yanzu yana dafa taliya shi kaɗai yana tsimin kuɗi don ya turo gida, ga ƙarin kilomita 45, ai ko bai yi niyya ba ya shiga gibi. In an je hoto a roƙi likita ya auna masa sinadarin ƙarfe na jini da bitamin D gaba ɗaya.

Sadiq Abuja: Ni ina zargin takalman nan na zamani masu farantin kabon, wato faifai mai tauri da ake sa wa cikin tafin takalmin. Tun da suka fito wajen 2017 kowa ke karyewa.

Malam Garba: Ana karyewa tun kafin su. Dathan Ritzenhein da tsagaggen ƙashin ƙafa ya shiga mita 10,000 a Olamfik na Atens a 2004, bai iya gamawa ba, lokacin ba wanda ya san farantin kabon. Akwai dai wani rahoton likitoci na 2023 da ya kawo 'yan gudu biyar masu raunin nabikula da ke sa irin takalman, amma mutum biyar ba su isa yanke hukunci ba. Abin da na yarda da shi, sabon kwantiragi na nufin sabon takalmi dole. Ƙafar da ta shekara biyar a takalmin wani kamfani, dare ɗaya a ce sai na wani.

Bari in koma kan abin da ke tura yaran nan. A jami'a kakar wasa uku ce a shekara, gudun daji da kaka, na cikin ɗaki da hunturu, na fili da bazara, kuma in ka zo na takwas a ƙasa ana yi maka kirari. A duniyar ƙwararru, ma'aunin shiga Olamfik na Paris ga maza shi ne 13:05 a mita 5,000 da 27:00 cif a mita 10,000. Ku duba da kyau: lokacin da Solinsky ya girgiza duniya da shi a 2010 da ƙyar zai tsallake, da ƙasa da rabin daƙiƙa. Yaro ya fito jami'a ya kalli wannan tazara, ya ga shekara biyu kawai aka ba shi, me kuke tsammani zai yi in ba ya ninka atisaye ba? Sauri kuwa shi ke haifar da nawa.

Kuma ga ɗan ƙasar waje akwai ƙarin kaya. Edward Cheserek ɗan Kenya ya ci kambun jami'o'i 17 a Oregon, ba namijin da ya kai shi a gudu. Ciwon baya ya hana shi gasarsa ta ƙarshe a 2017. Ya sa hannu da kamfanin takalmi na Skechers, ya yi mil ɗaya cikin 3:49.44 a Boston a 2018, amma ya shafe shekarun ƙarfinsa yana jiran takardar zama ɗan Amurka, bai taɓa taka Olamfik ba. Daga baya ya koma gudun kan titi.

Maman Hanif: Malam Garba ya tuna min. Malam Nasiru, a wace biza yake yanzu? In ta 'yan wasa ce, a ɗaure take da ci gaba da sana'ar. Ya nemi lauyan shige da fice ya ji matsayinsa tun kafin a kai ga maganar soke kwantiragi. Ban ce za a soke ba.

Nasiru Kaduna: Wallahi jikina ya yi sanyi. To babu wanda ya tsaya da wuri ya ci riba? Ina son abin da zan faɗa masa, don in na ce Solinsky zai ce tsorata shi nake yi.

Malam Garba: Akwai. Ka ce masa Grant Fisher. A 2023 ya zo na huɗu a mita 10,000 a gasar ƙasa, aka gano rauni a ƙashin cinyarsa tun bai kai ga karyewa ba. Ya janye daga mita 5,000, ya rasa gasar duniya ta Budapest gaba ɗaya. Ya koma keke da ruwa. Kafin shekarar ta ƙare ya dawo ya kafa tarihin Amurka a mita 3,000, sannan ya bar ayarinsa ya koma wurin kocinsa na sakandare. A Paris 2024 tagulla biyu ya ɗauko, 5,000 da 10,000. Ka ƙara masa da Emily Infeld, wadda ta fito Georgetown ta shiga ayarin ƙwararru a Portland, ƙashin tsatsonta ya tsage sau biyu cikin shekara biyu. A gasar duniya ta Beijing 2015 ita ce ta ci tagulla a mita 10,000, ta wuce Molly Huddle a taku na ƙarshe lokacin da Huddle ta ɗaga hannu tana murna tun ba ta taka layi ba.

Koci Danjuma Jos: Nasiru, ba ni lambarsa ta saƙon sirri in ka yarda. Maganar koci ga ɗan gudu daban take da maganar yaya. Zan ba shi labarin yarona mai acaɓa da bakina.

Nasiru Kaduna: Na tura maka, Koci. Allah ya bar zumunci.

Nasiru Kaduna: 'Yan uwa, ga yadda ake ciki bayan kwana shida. Koci Danjuma ya kira shi sun yi kusan awa ɗaya, ban san me suka ce ba, amma washegari ya kira dillalinsa, sannan ya faɗa wa kocinsa. Kocin bai yi faɗa ba, cewa ya yi tun sati biyu ya lura takunsa ya sauya, yana jira ne ya yi magana. Wannan ta ba ni haushi, amma na bar ta. An yi hoto jiya. Nabikula ne kamar yadda Dakta ta ce, akwai kumburi a cikin ƙashin da ɗan layi a sama wanda bai ratsa ba. Ba tiyata. An sa masa takalmin roba mai tauri har ƙwauri da sandunan dogarawa, sati shida ba taka ƙafar, sannan a sake dubawa. Gasa ta tafi. Sinadarin ƙarfensa ma ƙasa yake. Barista Usman, akwai sashen rauni a takardar, kwana talatin aka ba shi ya sanar, ya sanar a rana ta ashirin da bakwai in an ƙirga daga ranar da ya ce ciwon ya fara. Ladan bajinta na bana dai babu shi. Kuɗin hoton ni da yayarmu muka haɗa muka tura, karo na farko da kuɗi ya tashi daga Kaduna zuwa can.

Saura Inna. Ba mu faɗa mata ba tukuna.

Maman Hanif: Ku faɗa mata yau, kafin ta gan shi da sanduna a bidiyo. Kuma ku ce mata kuɗi zai tsaya na ɗan lokaci, uwa ce, ba za ta ce komai ba sai addu'a. Maƙwabtan da suka ci waina ne za su yi tambaya.

Bala Mai Shayi: Ni ban ci wainar ba, amma na janye ruwan zafina.

Dakta Rabi: Alhamdu lillahi da bai ratsa ba. Ka ce masa sati shida ɗin nan na ƙashi ne, ba na dabara ba: kada ya cire takalmin ya ce bari ya gwada a sati na huɗu don ciwon ya lafa, ciwo kan riga ƙashi warkewa. Ya tambayi likitansa yaushe zai iya shiga ruwa, kuma ko a ruwan kada ya tunkuɗi bango da ƙafar. Abinci kuma ba ragewa zai yi ba don ya daina gudu, yanzu ne ma ginin ke buƙatar kaya. Akwai mai yi masa cefane? Da sanduna biyu ba a ɗaukar leda.

Nasiru Kaduna: Abokin ɗakinsa, wani ɗan Habasha, shi ke yi. Ya ce kwana uku ke nan yana ɗura masa injera da miyar wake har ya fara roƙon a turo masa kuka da daddawa. Hajiya, ana barin daddawa ta shiga ta filin jirgi kuwa?